Sabunta Debian sid kowace safiya ba shi ne tsaro ba

A cikin masu amfani da Debian, tsarin sarrafa kwamfuta da Ian Murdock ya kafa a 1993, ana yawan cewa wanda ke kan sid, reshen da ake gina tsarin a kansa, in dai yana sabunta shi kullum ya fi kowa tsaro. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin gyaran manhaja yakan fara sauka a sid, sai bayan 'yan kwanaki ya wuce reshen testing. Amma ƙofar da gyara ke shigowa ita ɓarna ke bi. A watan Maris na 2024 injiniya Andres Freund ya lura ssh, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, na cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima a kan sid, da ya bi diddigi sai ya tono wata ɓoyayyiyar hanyar kutse da aka dasa da gangan a manhajar matse fayil ta xz, siga 5.6.0 da 5.6.1. Ba ta kai ga masu Debian 12, tsayayyen reshe a lokacin, ba, masu gaggawar sabuntawa su suka fara kwasarta. Ga shi kuma ƙungiyar tsaron Debian ba ta ɗauki nauyin sid ba, mai kula da kowace manhaja shi ke tura gyaranta.

Wani zai ce to a bar shi wata da watanni ba a taɓa ba. Wannan ya fi muni, don maganin xz ɗin ma ta sabuntawa ya iso, kuma sauye-sauyen da aka tara sun fi wuyar warwarewa. Abin da ke jefa mutane cikin wahala shi ne amsa wa apt, mai girka manhajoji da sabunta su, da "e" ba tare da karanta abin da ya ce zai yi ba. A farkon 2024, lokacin da Debian ke sauya yadda ake ƙirga lokaci don kauce wa matsalar shekarar 2038, an canza sunayen ɗimbin manhajoji da ƙarin t64, kuma tsawon makonni umarnin full-upgrade na apt kan nemi cire abubuwan da mutum ke aiki da su. Umarnin upgrade ba ya cire komai, ajiye abin da bai daidaita ba yake yi. Wanda ya ga jerin abin cirewa ya yi tsawo, ya dakata kwana biyu. Ya kuma saka apt-listbugs, mai sanar da munanan kurakurai kafin a girka, domin Debian ba ta lamunce wa kowa komawa tsohuwar siga ba.