Asirin Ƙarfe da Yumɓu: Bayani ga Manoma, Maƙera da Magina Tukwane

A ƙasar Rijau ta masarautar Kontagora, Jihar Neja, kamar sauran ƙasashen noma, rayuwar talaka ta dogara ga fartanya da garma da tukunya. Garmar da ta karye a tsakiyar damina hasara ce babba, domin ciyawa ba ta jiran kowa. Sau da yawa akan ga garma biyu iri ɗaya, ɗaya ta yi shekaru, ɗaya ta tsage nan da nan. Dalilin yana cikin jikin ƙarfen, inda ido ba ya kaiwa.

Ƙwayoyin da ke cikin ƙarfe

A shekarar 1863 wani masani mai suna Henry Sorby, mutumin Shafil ta Ingila, ya goge ƙarfe ya duba shi da madubin nan mai girmama abu. Sai ya tarar ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna. Idan ƙwayoyin ƙanana ne, ƙarfen yakan yi ƙwari da juriya. Idan manya ne, yakan yi saurin karyewa. Akwai kuma sinadarin gawayi, watau kabon, gauraye a ciki. Ƙarfen da kabon ɗinsa ya yi kaɗan yana da taushi, ba ya riƙe kaifi. Wanda ya haura kashi 2 cikin 100 kuwa ƙarfen zubi ne, fashewa yake yi in an doke shi. Sifirin mota yana da kimanin kashi 0.6, shi ya sa maƙera suke nemansa.

Aikin wuta da ruwa

Sa'ad da maƙeri ya zuga ƙarfe ya yi ja, wajen digiri 800, tsarin ƙwayoyin yakan sake. In ya bar shi ya huce a hankali cikin toka, sai ya yi taushi. In ya tsoma shi cikin ruwa ko mai farat ɗaya, kabon ba ya samun damar fita daga inda yake, sai ƙarfen ya yi tauri ƙwarai amma da gautsi kamar kwalba. Saboda haka wajibi ne a sake ɗumama shi kaɗan, tsakanin digiri 200 da 300, har bakinsa ya yi launin kara ko shuɗi. Wannan ne ke rage gautsin. Barin ƙarfe ya daɗe cikin wuta mai tsanani kuwa yana kumbura ƙwayoyinsa, ya raunana shi.

Tukunya da randa

Haka al'amarin yake ga yumɓu. Gashin fili da itace ko kara ba ya cika wuce digiri 900, don haka ƙananan kafofi sukan ragu a jikin tukunya. Ta cikinsu ne ruwa ke tsattsafowa ya bushe, randa ta yi sanyi. Su ne kuma, tare da garin tsingaro ko yashi da magina ke cuɗawa, suke tare tsaga in an ɗora tukunya a murhu. A makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, an gasa yumɓu sama da digiri 1200 har kafofin suka toshe. Irin wannan ba ya yoyo, amma ba ya sanyaya ruwa.

Kira ga jama'a

Ana shawartar maƙera su riƙa gwada ƙarfe da maganaɗisu: idan ya daina kamawa, wajen digiri 770, lokacin tsomawa ya kusa. Kada kuma su sayar da kayan da ba a sake ɗumamawa ba. Masu saye su ƙwanƙwasa garma ko tukunya tukuna. Mai lafiya takan yi ƙara garau, mai ɓoyayyar tsaga kuwa muryarta a dushe take. Kaya mai kyau shi ne mai arha, ko da ya fi kuɗi.