Tawayen Buhari: Shekarun da Haɗeja Ta Daina Bin Sakkwato

Idan ana zancen Daular Usmaniyya, akan ɗauka duk sarkin da ya karɓi tuta ya bi Sakkwato sau da ƙafa har zuwan Turawa. Tarihin Haɗeja ya ƙaryata haka, domin ta yi fiye da shekara goma tana cin gashin kanta a zamanin Sarki Buhari ɗan Sambo.

Buhari ya hau gadon sarauta a 1848. Bai daɗe ba aka kai ƙararsa Sakkwato bisa kashe Sarkin Auyo, wanda ɗan'uwansa ne. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya turo Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo, aka tuɓe Buhari wajajen 1850, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Da a tsakiyar daula abin ya faru, da magana ta ƙare ke nan. Amma Haɗeja garin bakin iyaka ce, tana fuskantar Barno, kuma Shehu Umar na Kukawa ba zai ƙi ganin ɓaraka a katangar abokan hamayyarsa ba. Buhari ya ja da baya zuwa ɓangaren Barno, ya tara mayaƙa, ya dawo ya ƙwace garin, aka kashe Ahmadu.

Daga nan sai Sakkwato ta yi gayya, Kano da Katagum da sauran masarautun gabas suka kawo dakaru. A 1853 aka gwabza a Kafur, kusa da Haɗeja, rundunar taron dangi ta watse, kowa ya yi ta kansa. Har gobe Haɗejawa na alfahari da wannan karo da suke kira Gamon Kafur. Talakawan gabashin Kano su suka ɗanɗana kuɗarsu: hari bayan hari, a ƙone ƙauye, a kore shanu, a tasa mutane gaba a kai su kasuwar bayi. Baturen nan matafiyi Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ratsa yankin Gumel a shekarun, ya kuma rubuta irin ɓarnar da yaƙin ya jawo.

Amurka ma ta ga irin wannan. A 1784 mazauna bayan tsaunukan jihar Karolina ta Arewa suka ɓalle, suna kukan gwamnati ta yi musu nisa, suka kafa jihar Faranklin, da Jon Sebiya a matsayin gwamna. Majalisar ƙasa ba ta karɓe su ba, suka nemi jingina da Sifaniya bai yi amfani ba, zuwa 1789 jihar ta rushe. Da aka kafa Tenesi a 1796, Sebiyan ne ya zama gwamnanta na farko.

Buhari bai samu irin wannan ƙarshe ba. A 1863 ya faɗi a fagen daga a Gogaram, yana yaƙi da Badawa, magadansa kuma suka mai da mubaya'arsu Sakkwato ba tare da an sake zare takobi ba.

Nisa da cibiyar mulki da samun maƙwabci mai ƙarfi sun isa su haifar da tawaye, amma ba su isa su kafa ƙasa ba. Tawayen Haɗeja a kan jarumtar mutum ɗaya ya tsaya, shi ya sa ranar da Buhari ya faɗi, tawayen ma ya bi shi.