Itace a Cikin Kasko, Daga Hunturu Zuwa Bazara

[Kiɗan buɗe shiri, a sassauta]

Yau za mu hau hanyar da ta tashi daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga, ta wuce Shagari ta nufi Tambuwal. Za mu leƙa Japan, mu leƙa bakin teku, amma nan gida za mu dawo, domin zancen namu na itace ne da yadda yake tsallake lokacin wuya.

[Kiɗa ya tashi, ya sauka]

Duk wanda ya saba bin wannan hanya da hunturu ya san abin da zan faɗa. Ka sauka daga mota kusa da Sifawa, garin da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ka ɗan taka cikin jigawa. Za ka ci karo da 'yar aduwa wadda tsayinta bai kai gwiwa ba, amma gindinta ya kai kaurin damtse. Ta murɗe, ta karkata inda iska ta tura ta, ganyenta ƙanana, ƙayarta a tsaye. Ba jaririya ba ce. Shekara da shekaru take nan, duk tohon da ta yi sai akuya ta cinye, ita kuwa sai ta mayar da ƙarfinta cikin saiwa da kututture.

Wannan siffa da muke wucewa ba mu ko waiwaya, ita ce mutanen Japan suke ƙarar da rayuwarsu wajen nema. Suna kiran sana'ar bonsai, ma'ana shuka a cikin faranti. Daga Sin suka koyo ta ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suka kuma mayar da ita tasu. Ba wani irin itace ne na daban ba, kuma ba magani ake ba shi ya tsumbure ba. Itace ne kamar kowane. Ana dasa shi a kasko mara zurfi, ana rage masa rassa da almakashi, ana naɗa wa reshe waya a lanƙwasa shi inda ake so, kuma bayan shekara biyu ko uku a ciro shi a datse saiwar a sake masa ƙasa. Bahaushe ya riga ya faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su dai sun ɗauki maganar da hannu biyu.

A kusa da Tokyo akwai unguwa guda, Omiya, wadda masu wannan sana'a suka kafa a 1925, bayan girgizar ƙasar 1923 ta kore su daga cikin birni. A birnin Washington na Amurka kuma akwai wani itace da ake reno a kasko tun 1625. Yana gidan wani mutum mai suna Masaru Yamaki a Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945, kimanin kilomita uku daga inda bam ɗin nukiliya ya fashe, katanga ta kare shi. A 1976 Yamaki ya ba Amurka shi kyauta. Shekara ɗari huɗu ke nan, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa rasa wanda zai duba ƙasarsa ya ba shi ruwa ba. Ni wannan ne ya fi taɓa ni a labarin, fiye da bam ɗin. Uba ya mutu ɗa ya karɓa, ɗa ya mutu jika ya karɓa.

[Ɗan kiɗa]

To, masu sauraro, duk mai wannan sana'a a Turai ko Amurka za ka ji damuwarsa biyu ce: wane itace zai zaɓa, kuma yaya zai fitar da shi daga sanyi. Itacen ƙasar sanyi dole ne ya sha sanyin, domin a lokacin yake barcinsa. Ka shigar da shi ɗaki mai ɗumi, ya rasa barcin, sai ya raunana ya mutu. Ka bar shi waje a kasko, ƙanƙara ta daskarar da saiwar, tunda ba ta da zurfin ƙasa da za ta ɓuya. Shi ya sa suke binne kaskon cikin ƙasa su rufe da busassun ganye, ko su ajiye shi a rumfar da ba a hura wuta. Itatuwan ƙasashen zafi kuwa, da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, sai a kwashe su zuwa cikin gida kusa da taga.

Mu a Boɗinga da Shagari ba mu san ƙanƙara mai rufe ƙasa ba. Namu lokacin wuyar kashi biyu ne, kuma a jere suke zuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ce, busasshiya, mai ƙura, wadda take tsotse danshi daga leɓen mutum balle daga ganye. Tana ɗagawa sai bazara, Maris, Afrilu, Mayu, zafi ya haura digiri 40. Ruwan sama kuwa na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, in an yi sa'a. Saiwar da take tsoron daskarewa a can, dahuwa take tsoro a nan. Ka ɗora tafin hannunka kan baƙar leda ko bokitin roba da ya wuni a rana cikin Afrilu, za ka gane abin da saiwar da ke ciki take sha.

Saboda haka zaɓi shi ne farkon magana, kuma a nan Allah ya yi mana arziki. Mu fara da kariya. Wannan 'yar shuka mai ƙaton gindi kamar tulu, wadda take fitar da jan fure a tsakiyar rani alhali ba ganye ko ɗaya a jikinta, 'yar ƙasarmu ce, daga yankin Sahel har zuwa ƙasar Larabawa take fitowa da kanta. A Tailan da Taiwan gonaki guda ake yi nata, ana aure launukan furenta, ana sayar wa duniya a kasko. Sai dai a kula, ruwan jikinta guba ne, da shi magabata suke haɗa dafin kibiya. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki, a ɗora ta inda hannu da baki ba su kai ba, kuma wanda ya yanke ta ya wanke hannu.

Sai kuka. Ka jiƙa ƙwallon cikin ruwan zafi ya kwana, ka shuka, kafin damina ta fita ta yi saiwa mai kauri kamar rogo. Sai tsamiya, mai ƙananan ganye da ke dacewa da ƙaramin itace, wadda ake ji da ita a wannan sana'a a Indiya da Indonisiya. Sai ceɗiya da dashi, waɗanda reshe kawai ake sara a kafa da damina su kama, kamar yadda iyayenmu suke yi a ƙofar gida da bakin shinge. Waɗannan duk sun san hunturu tun kafin a haife mu.

Bari in ba ku abin da ya faru da ni. Ina yaro, kakata, wadda muke kira Inna, tana da 'yar kuka a cikin fasasshiyar randa a bayan ɗakinta, tana tsinkar ɗanyen ganye tana miya. Tsinkar nan ce ta hana ta tsawo, ta kuwa yi gindi. Wata shekara Inna ta yi tafiya da hunturu ta bar mini amanarta. Na ga ganye ya zube ƙaf, hankalina ya tashi, na riƙa kwarara mata ruwa safe da yamma. Ranar da Inna ta dawo, ta tsuguna ta matsa gindin da yatsa, yatsan ya nutse. Ta ɗago ta dube ni, ba ta yi faɗa ba, ta ce, “Ɗan nan, ai barci take yi, ba ƙishirwa take ji ba.” Har yau ina jin zafin rasa wannan kuka.

Abin da Inna ta sani shi ne abin da masanan can suke rubutawa a littafi. Itacen da ya zubar da ganye ya rage shan ruwa, ruwan da ka zuba zai kwanta ne ya ruɓar da saiwa. Kuka da kariya da dashi, in sun tuɓe ganye, a janye musu hannu, ɗan yayyafi jefi-jefi ya isa har su fara toho. Tsamiya da ceɗiya kuwa ba sa son ƙasarsu ta bushe ƙarmas. Kafin ka ɗauki buta, tura yatsa cikin ƙasar. In ka ji danshi, ka bari sai gobe.

Kaskon ya zama na yumɓu, irin na maginan tukwanenmu, domin yana numfashi yana sanyaya abin da ke ciki, yadda randa take sanyaya ruwa. A huda gindinsa. A haɗa yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen taki da ɗan dakakken gawayi, kada a sa laka zalla. Da hunturu a jingina shi jikin katangar da ta tare iskar arewa maso gabas, a riƙa wanke ƙurar ganye. Da bazara a mayar da shi ƙarƙashin rumfar zana inda zai sami hantsi ya tsira daga ranar azahar, ko a binne kaskon cikin yashi mai laima har wuya. Kun ga dabarar da Bature yake yi don sanyi, ita muke yi don zafi. A barbaɗa toka a kewaye saboda gara. Datse saiwa da canjin ƙasa kuma a jira gab da faɗuwar damina.

[Kiɗa]

Akwai wani abin da masu kiwon kifin ado a cikin akwatin gilashi suke yi, wanda wasu matasanmu suke gani a waya yana burge su. Suna dasa itacen fadamar bakin teku, wanda ake kira mangurob, saiwarsa cikin ruwan kifin, ganyensa a sama. Najeriya ce ke da kurmin wannan itace mafi girma a Afirka, a yankin Neja Delta. Ɗansa tun yana jikin uwa yake tsira, ya yi tsawo kamar sandar alli, ya faɗo ruwa ya yi ta yawo har ya sami taɓo ya kafe. Wani irinsa yana tace gishiri tun daga saiwa, wani kuma ta ganye yake fitar da shi. A cikin akwati yana zuƙe wani abu daga dattin kifi, amma a hankali ƙwarai, kuma yana son haske mai ƙarfi da iska mai laima, sai ana fesa wa ganyensa ruwan daɗi a kai a kai. Zai iya rayuwa a ɗaki a Shagari in mai shi ya dage, amma ra'ayina, wahalar ta fi amfanin a garin da iskar Janairu take busar da wanki kafin a gama shanya. Wurin da ake bukatar hannu a kan wannan itace shi ne gidansa, wato Neja Delta. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyara ɓarnar da malalar mai ta yi a can zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

To me ya sa na ɗauki lokacinku a kan itacen kasko, a jihar da hamada take ƙwanƙwasa ƙofa? Saboda duk damina muna ganin ana raba dashe a leda, a yi layi a bakin hanya da harabar makaranta, a koma a watan Afrilu a tarar da tsinke. Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar ganuwar itatuwa a 2007, Najeriya ta kafa hukumarsa a 2015, Sakkwato tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Dasawa ba ta taɓa gagararmu ba. Wata takwas ɗin da ke biyo baya su ne suke cinye mana aiki. Yaron da ya reni tsamiya ɗaya a kasko ya fitar da ita daga hunturu da bazara, ya san lokacin ruwa da lokacin janye hannu, shi ne wanda za a ba dashe ɗari a bakin madatsar ruwan Shagari ko a Kajiji ko Danchadi, ya san ya binne tulu mai ruwa kusa da kowanne ya rufe gindin da kara.

Sai mu koma wurin 'yar aduwarmu ta Sifawa. Na san wani zai ce bari ya ɗauki galma ya haƙo ta, tunda ta riga ta yi siffa. Ina roƙonka, ɗan'uwa, ka bar ta. Saiwarta ta yi nisa cikin ƙasa, in ka tsinke ta da wuya ta rayu. A Maraɗi, maƙwabtanmu, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura a 1983 cewa irin waɗannan tsumburarrun duhuwoyi itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka riƙa zaɓar toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, su sare sauran, su kare su daga dabba. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Wuƙar da mai bonsai yake riƙe itace da ita ya zauna ƙarami, da ita manomin Maraɗi yake sakinsa ya tashi. In aduwar a gonarka take, ka rage mata rassan ƙasa, ka bar mata biyu, ka kewaye ta da ƙayar magarya kafin a saki dabbobi bayan kaka. Ta kasko kuma ka samo ƙwallo ka shuka da hannunka.

Nan za mu dakata a yau.

[Kiɗan rufe shiri]