Karayar tsufa: kada mu bar tsofaffinmu kwance da ciwo

Sau da yawa a garuruwanmu tsohuwa takan zame a makewayi ko a bakin rijiya, faɗuwa ƴar kaɗan, amma ƙashi ya karye. Dalili shi ne, idan shekaru suka ja, ƙashi yakan zaizaye daga ciki, ya zama kamar itacen da gara ta ci. Abin ya fi samun mata bayan sun daina jinin al'ada. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya, cikin mata 3 da suka wuce shekara 50, ɗaya za ta gamu da irin wannan karaya. Cikin maza 5 kuma, ɗaya.

Karayar ta fi aukuwa a kwatangwalo, da wuyan hannu, da ƙashin baya. Ta baya takan zo ko babu faɗuwa: ɗaukar tulu ma ya isa. Alamarta ita ce ciwon baya mai tsanani, da raguwar tsawo, da ranƙwafawa.

Ko bayan ƙashi ya haɗe, ciwo yakan daɗe wata da watanni. Tsohon da ke zuwa kasuwa da zaman majalisa sai ya koma ɗaki. Barci ya gagara, abinci ya fita ransa, ya ga kamar ya zame wa iyali kaya. Mu kuma sai mu ce tsufa ne. A'a, ciwo ne, kuma ana iya rage shi.

Doguwar kwanciya tana ƙara lahani. Tana kashe ƙarfin ƙafafu, tana kawo gyambon baya da ciwon huhu. Saboda haka, tsohon da ya faɗi ya kasa tsayuwa, a kai shi likita a ɗauki hoton ƙashi. Karayar kwatangwalo ta fi ƙarfin karan maɗori. Yawanci sai an yi aiki. Da zarar likita ya yarda, a riƙa tada shi kullum, ya taka kaɗan da sanda.

A guji ƙwayoyin ƴan tebur. Tramol yana sa jiri, a sake faɗuwa. Diklofenak yana ɓata ciki da ƙoda. Deksametazon, idan an daɗe ana sha, yana ƙara cinye ƙashi. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi maganin da ya dace da adadinsa.

Abincin da ke gina ƙashi yana nan kusa da mu: nono, da cuku, da riɗi, da zogale, da kuka. A zuba wa tsoho nono sosai cikin fura, a fitar da shi ya sha hantsi. A share hanyar makewayi, a ajiye masa fitila da dare.

Daga ƙarshe, kada a bar shi shi kaɗai. A zauna hira da shi, a nemi shawararsa kan shuka da girbi. Wanda ya san ana bukatarsa ya fi saurin miƙewa.