Sauya tsarin rumbun bayanai idan siffar bayanan ta canza: misalin Gagamari

Tsarin rumbun bayanai, wanda ake kira schéma da Faransanci, shi ne jadawalai da guraben da manhaja ke zuba bayani a cikinsu. Mu ɗauki misalin manhajar intanet mai rajistar iyalai a kwarin Komadugu, inda aka tanadar wa kowane mutum gurbi guda: “gari”. A watan Nuwamba na 2014 mutanen Damasak ta Nijeriya suka ƙetaro kogi zuwa Gagamari, cikin ƙaramar hukumar Shetimari. Daga nan gurbi guda ya kasa. Dole a raba garin asali da wurin zama, a kuma nuna ko mutum ɗan gudun hijira ne ko ɗan Nijar da ya komo gida.

Gyaran manhajar kaɗai bai isa ba, domin rumbun yana nan a tsohon tsarinsa. Sai an rubuta umarnin sauyi mai lamba, irin wanda Django ke samarwa tun 2014, a gwada shi bisa kwafi. Da farko a ƙara sababbin gurabe, sannan a kwashe bayanai zuwa cikinsu. Tsohon gurbi ba a goge shi sai daga baya.

Wahalar a wurin kwashewa take. “Gagamari” da ke cikin tsohon gurbi bai faɗi asali ne ko masauki ba. In aka cika guraben biyu da shi, mutumin Damasak ya zama ɗan gari a rubuce, sunansa ya fita daga jerin masu karɓar agaji. A ganinmu gara a bar gurbin asali fanko har masu rajista su koma su tambayi iyalin.