Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba: Dokar Yada Zango A Filayen Jiragen Sama

Daga Wakilinmu Na Arewa

Ran 17 ga watan Disamba na 2024 hukumar shige da fice ta ƙasar Sin ta ba da sanarwa cewa baƙon da ya ratso ta ƙasar a kan hanyarsa ta zuwa wata ƙasa yana iya zama har awa 240, watau kwana goma cif, ba tare da biza ba. Wannan labari mai daɗin ji ne ga duk wanda ke sayo kaya a Guangzhou, ko yana zaune Agege ne, ko Idi Araba, ko Sabo ta Ibadan, domin kowa ya san wahalar neman biza. To, amma kafin wani ya tattara jarinsa ya nufi Ikeja, ya kamata ya tsaya ya ji yadda dokar take, don kuwa ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Fataken da, in sun yada zango, madugu shi ke shiga gari ya gai da sarki, ya nemo wa ayari izinin sauka. Yau kowa madugun kansa ne, izininsa kuwa yana rataye ga abu biyu: wane irin fasfo ke hannunsa, kuma ina ya dosa daga nan. Wanda ya san waɗannan biyu tun kafin ya yanki tikiti, shi ne zai ci moriyar awoyin jira. Wanda bai sani ba kuwa, ko dai ya kwana bisa kujera, ko kuma a hana shi hawa jirgin tun daga gida.

KWANA GOMAN SIN NA SU WANE NE?

Wannan rangwame ba ranar ya soma ba. A 2013 aka fara shi da awa 72 a Beijing da Shanghai, a 2016 aka fito da na awa 144 a yankin Shanghai, sa'an nan a 2024 aka mai da shi awa 240, aka kuma buɗe ƙofofin shiga 60 a larduna 24. Ƙasashe 54 aka lissafa a lokacin, galibinsu na Turai, tare da irin su Amurka da Kanada da Japan, daga baya a watan Yuni na 2025 aka ƙara Indonesiya, suka zama 55. A cikin waɗannan 55 ɗin babu Nijeriya, hasali ma babu ƙasar Afirka ko guda. Watau mai riƙe da koren fasfo ba shi da rabo a kwana goman nan.

Ko wanda ke da rabo ma, alal misali ɗanmu da aka haifa a Amurka yana riƙe da fasfonsu, akwai sharaɗi a kansa. Tilas ya nuna tikitin da aka riga aka tabbatar masa da rana da kujera zuwa ƙasa ta uku. In ya taso daga Adis Ababa ya sauka Guangzhou, alhali tikitinsa na fita Adis Ababa ɗin zai sāke mai da shi, to wannan bai zama mai ratse ba, ya zama mai ziyara, sai ya nemi biza. In kuwa daga Guangzhou Hong Kong zai wuce, an karɓa, domin a wannan doka ana lissafa Hong Kong da Makau a matsayin wuri na uku. Saboda haka ɗan kasuwar da zai tafi sayen kaya ya komo gida, ko zai halarci babbar kasuwar baje koli ta Kanton da ake ci sau biyu a shekara tun 1957, hanyarsa ita ce bizar kasuwanci, ba wata dabara.

ABIN DA YA RAGE WA KOREN FASFO

Akwai wata doka ta dabam wadda ta game kowa da kowa, ita ce ta awa 24. Duk wanda ke da tikitin wucewa zuwa ƙasa ta uku, kuma jiransa bai wuce kwana ɗaya ba, yana iya sauya jirgi a Sin ba biza. Tun watan Janairu na 2024 ma, a wasu manyan filaye, har da na Baiyun a Guangzhou da na Pudong a Shanghai, mai irin wannan ratse ba ya bi ta gaban teburin shige da fice muddin bai fita daga farfajiyar jira ba.

In yana son ya leƙa gari, sai ya je teburin jami'an ya nemi izinin shiga na wucin gadi. Roƙo ne, jami'in yana iya bayarwa, yana iya hanawa, don haka kada mutum ya riga ya yi alkawari da kowa a cikin gari. Wanda Allah ya sa aka buga masa, akwai jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa daga filin Baiyun har cikin birni. Yana iya zuwa unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka yi yawa, ya ci abincin halal, ya ga farashin kaya da idonsa, ko ya sallaci azahar a masallacin Huaisheng, wanda ake lissafawa cikin mafi daɗewar masallatan ƙasar.

Amma fa a kiyaye agogo. Dokar shige da fice ta Sin da ta fara aiki ran 1 ga Yuli na 2013 ta tanadi tarar yuwan 500 a kan kowace rana da mutum ya zarce, har zuwa yuwan 10,000, ko kuma tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Wanda ya shiga da izinin kwana ɗaya ya ɓuya cikin gari da sunan neman kuɗi, ya ɓata sunansa, ya kuma ƙara tsananta bincike a kan 'yan'uwansa masu zuwa bayansa.

INDA KO ZAMA A KUJERA SAI DA BIZA

Mutane da yawa suna zaton in dai ba za su fita daga filin jirgi ba, babu ruwansu da biza. A Adis Ababa ko Doha ko Istambul haka ne, in tikitin guda ne. A Turai kuwa ba haka ba ne. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Shengen, irin su Faransa da Jamus da Holan, suna da jerin ƙasashe 12 waɗanda mutanensu sai sun mallaki bizar ratsen filin jirgi ko da sauya jirgi kawai za su yi, Nijeriya da Gana suna ciki. Ana ɗauke wa mutum wannan in yana riƙe da biza mai rai ta Amurka ko Kanada ko Japan, ko ta ɗaya daga cikin ƙasashen Shengen ɗin. Ingila ma tana da irin tata bizar ratse a kan 'yan Nijeriya, da nata sharuɗɗan rangwame. Amurka kuwa tun watan Agusta na 2003 ta dakatar da ratse ba biza.

Dalilin da ya sa ake tare mutum tun daga Ikeja shi ne, in kamfanin jirgi ya kai fasinja inda takardunsa ba su isa ba, shi za a ci tara, kuma shi zai komo da shi. Don haka ma'aikacin da ke auna kaya yakan duba wani kundi na kwamfuta mai suna Timatic, wanda ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya ke kula da shi. In kundin ya ce a'a, magiya ba ta aiki, tikiti mai araha kuwa sau da yawa ba a mai da kuɗinsa.

Wani tarko kuma shi ne tikiti biyu. Mutum ya sayi Ikko zuwa wani gari a wannan kamfani, ya sayi ci gaban tafiyar a wancan don neman sauƙi. In ya sauka sai ya karɓi akwatinsa ya sāke aunawa, wurin karɓar akwati kuwa yana bayan teburin shige da fice. Ga shi ba biza, ga kaya can suna zagayawa, ga jirgi na shirin tashi. Arahar da ta kai mutum ga wannan hali ba ta yi rana ba.

INDA ƘOFA KE BUƊE

Ba ko'ina ne aka rufe mana ƙofa ba. Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa nan Ikko a 1975, ta ƙulla yarjejeniya a 1979 wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga 'yar'uwarta ba biza har kwana 90. Saboda haka wanda ya bi jirgin Asky ya yada zango a Lome, ko ya sami jira a Akra ko Abijan, yana iya fita da fasfonsa da katinsa na rigakafin shawara. Filin jirgin Lome a cikin gari yake, babbar kasuwa ba nisa, kuɗinsu sefa ne. A Akra kuwa, in mutum ya shiga Nima ko Sabon Zango, Hausa zai yi ta ji, ya ci tuwo ya yi salla cikin jam'i.

A Kigali, mazaunin jirgin RwandAir, ana buga wa 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka izinin kwana 30 kyauta a bakin shiga. Mai awoyi a hannu yana iya zuwa unguwar Nyamirambo inda Musulmi suka fi yawa, ko ya ziyarci wurin tunawa da kisan ƙare dangi na 1994 da ke Gisozi, ya ga abin da ƙabilanci ke haifarwa. Sai dai a sani Ruwanda ta haramta jakar leda tun 2008, kada a fito da kilishi ƙunshe cikinta.

Kamfanin Ethiopian Airlines, wanda masu zuwa Sin da Indiya da yawa ke bi, yakan ba da masauki ga fasinjan da jiransa a Adis Ababa ya kama daga awa 8 zuwa 24, in babu wani jirginsu da zai tashi kafin nan. A tambayi wannan tun wurin yankar tikiti, a kuma tanadi rigar sanyi, don garin bisa tsauni yake, darensa da sanyi. Kamfanin Turkish Airlines shi ma yana zagayawa da fasinjoji cikin Istambul kyauta in jiransu ya kama daga awa 6 zuwa 24, amma fita gari shiga Turkiyya ne, ɗan Nijeriya kuwa sai da biza.

LISSAFIN AWOYI

In ƙofa ta buɗe, saura lissafi. A ce jiran awa 10 ne. A cire awa ɗaya ta sauka da layin fasfo, a cire awa biyu na zuwa gari da komowa, a cire awa uku da ya kamata mutum ya kasance ya dawo kafin tashi. Abin da ya rage awa huɗu ne, sun isa wuri ɗaya ko biyu, ba su isa yawon gari duka ba. In jiran bai kai awa 6 ba, zama ciki ya fi, a nemi ɗakin salla, a ci abinci, a runtsa kusa da ƙofar jirgi.

Da sauka a gyara agogo, domin lokacin da ke kan tikiti na garin ne. Lome tana bayanmu da awa ɗaya, Kigali tana gabanmu da ɗaya, Adis Ababa da biyu, Sin da bakwai. Wanda ya bar agogonsa a kan lokacin gida a Adis Ababa, zai iso ƙofa ya tarar jirgi ya yi awa biyu da tashi. Fasfo da katin shiga jirgi na biyu da kuɗi su zauna a jiki, magani da caja su zauna a jakar hannu. A canza kuɗi kaɗan, daidai na mota da abinci. Game da salla, matafiyi yana da rangwamen kasaru, sai a nemi bayanin hukuncinta wurin malamai kafin a tashi.

Abu na ƙarshe, kuma mafi girma: kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ɗan ƙunshi ne, ko da mai bayarwa ya yi sallama da Hausa. Abin da aka samu a jakarka naka ne a gaban shari'a, hukuncin fataucin ƙwaya kuwa a Sin da Saudiyya yana kai wa ga kisa.

Waɗannan dokoki suna sauyawa, wani lokaci cikin 'yan watanni. Don haka duk mai niyyar tafiya ya sa wakilin tikiti ya duba masa kowane zango a kan fasfon da ke hannunsa, ya kuma tabbatar a ofishin jakadancin ƙasar ko na kamfanin jirgin kafin ya biya ko kwabo. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi ga iyalinsa lafiya, amin.