Manhajar Hira da Lafiyar Ƙugun Mata

A watan Nuwamba na 2022 ne kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, wata manhaja da ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum. Irin waɗannan manhajoji ba karatun likita suka yi ba. An ɗura musu rubuce-rubuce ne masu ɗimbin yawa, galibi na Ingilishi, har suka gwanance wajen hasashen kalmar da za ta biyo bayan wata. Shi ya sa sukan faɗi gaskiya da ƙarya da murya ɗaya.

Duk da haka, likitocin mata sun fara gwada su wajen wayar da kan majinyata. Akwai tsokoki a ƙasan ƙugu da ke tallabe da mafitsara da mahaifa da dubura. Haihuwa da tsufa da ɗaukar kaya masu nauyi sukan raunana su, sai fitsari ya riƙa ɗiga in mace ta yi tari ko atishawa, ko kuma mahaifa ta zazzago. Mata da yawa sukan yi shekaru suna ɓoye wannan saboda kunya, ita kuwa manhaja ba a jin kunyarta. Takan bayyana atisayen matse tsokokin nan da sakinsu, wanda likita Arnold Kegel ya yi rubutu a kai a 1948, ta kuma faɗi cewa sai an lizimce shi kamar wata 3 kafin a yanke hukunci kan amfaninsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne harshe. Bahaushiya ba ta cika kiran abu da sunansa ba. Takan ce "gabana" ko "marata", ko ta ce "sanyi ke damuna", alhali "sanyi" ya ƙunshi cututtuka iri-iri. Haka nan jimlar "fitsari yana zubo mini" tana iya nufin ɗigar da atisaye ke ragewa, tana kuma iya nufin yoyon fitsari, wato hujewar mafitsara bayan doguwar naƙuda, inda fitsari ke zuba dare da rana. Wannan atisaye ba ya warkar da shi. Ƙaramar huda takan toshe in an sa robar fitsari da wuri, saura kuwa sai tiyata, irin wadda ake yi a cibiyar Danja kusa da Maraɗi tun 2012, da asibitin Babbar Ruga a Katsina. Ungozoma za ta tambayi yaushe abin ya fara, kwana nawa aka yi ana naƙuda, sannan ta duba da idonta. Manhaja sau da yawa takan amsa abin da aka rubuta mata ne kawai, matar kuma ta shafe wata 3 tana atisaye a ɗaka.